Bayan An Ajiye Biro: Me Ake Yi da Makon Ƙarshe na Shekarar Karatu?

Wata Talata a cikin watan Yuli, kwana kaɗan bayan mun gama jarrabawar zango na uku, na haɗu da mahaifin wani ɗalibina a bakin ƙofar makaranta. A kan babur ya zo, da fartanya biyu ɗaure a baya, ya ce in fito masa da yaron. Na ce, "Baba, ai ba a yi hutu ba tukuna, sai ranar Juma'a." Ya dube ni ya ce, "Malam, ranka shi daɗe, mi za shi yi nan? Jiya na tambaye shi mi anka koya musu, yac ce ba komi. Ga hatsi can haki na son cinye shi."

Na waiwaya na dubi filin makaranta. Maza sun ƙulla ƙwallo da leda suna bugawa, mata sun taru a gindin dogon yaro, wasu na carafke, wasu na tsefe wa juna kai a ƙarƙashin hijabi. Azuzuwa a buɗe, ba malami ko ɗaya a ciki, duk muna ofishin malamai kowa ya duƙufa a kan tarin takardu da jan biro. Ban sami abin da zan ce wa dattijon nan ba. Na aika aka kira yaron, ya hau bayan babur suka tafi.

Tun daga ranar maganar ke yi mini yawo a zuci. Kowace shekara iyaye a Sakkwato suna yin wannan tambaya, daga mai gona a Kware har ma'aikacin da ke biyan kabu-kabu daga Mabera ko Arkilla safe da rana: makon nan na ƙarshe, wanda an riga an gama jarrabawa amma ba a ba da hutu ba, yana da wani amfani kuwa? Amsata tana da fuska biyu. Yadda muke tafiyar da shi a yawancin makarantunmu, mahaifin nan ya fi mu gaskiya. Amma a cikin makon akwai wani abu da babu shi a sauran makonnin shekara gaba ɗaya, kuma shi ne muke zubarwa.

Sai an fara gane yadda makon ya zama fanko, domin ba lalacin yara ne ya kawo haka ba. Shekarar karatu a Najeriya zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli, kowane zango kamar mako goma sha biyu zuwa sha uku. Makon farko yakan tafi wajen shara, yankan ciyawa da jiran waɗanda ba su dawo ba. A tsakiya akwai ɗan hutun rabin zango. A ƙarshe akwai makon bita, sai jarrabawa mako ɗaya ko biyu, sai makon da ake haɗa sakamako. In ka cire waɗannan, abin da ya rage na koyarwa tsantsa bai fi mako takwas ko tara ba. Zango na uku ma ya fi sauran shan wahala. A cikinsa 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare ke rubuta WAEC a Mayu da Yuni, su zarce da NECO a Yuni da Yuli. A cikinsa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ke rubuta tasu jarrabawar su tafi gida. Ana kwashe kujeru zuwa zauren jarrabawa, ana tura malamai sa ido a wasu makarantu. A 'yan shekarun nan kuma Babbar Sallah a cikinsa take faɗowa, kamar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025. Kafin a kai makon ƙarshe makarantar ta riga ta fara watsewa, manya sun tafi, ƙanana na ganin su ma zaman jira kawai suke yi.

Ga kuma lissafin malami. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Ni kuwa na riƙe aji biyar a shekara guda ina koyar da lissafi, kowane aji na da yara wajen tamanin. Takarda 400 ke nan. In na ba kowace takarda minti biyar kacal, minti 2,000 ne, wato sama da awa 33 na zama ba ɗagowa. Bayan makin sai a haɗa makin tes na tsakiyar zango, wanda yawanci 30 ne ko 40, da makin jarrabawa, 70 ko 60. Sai a kai wa malamin aji, shi kuma ya shigar da na kowane darasi a babbar takarda, ya tara, ya raba, ya fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Da yake ƙarshen shekara ne, sai ya ɗauko na zango na ɗaya da na biyu ya haɗa. Sannan ya cike katin sakamako ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya rubuta ra'ayinsa, shugaban makaranta ya sa hannu. Duk wannan a cikin kwana huɗu ko biyar, a ofishin da sau da yawa ba wuta ba fanka. Mutum ɗaya ba zai yiwu ya kasance a ofis yana wannan aiki kuma yana cikin aji yana koyarwa ba. Don haka ake barin monita da sanda da takardar rubuta sunan masu surutu, a ce wa yara su zauna shiru.

To me ya sa ba za a sallame su ba? Saboda ranar rufe makaranta ma'aikatar ilimi ce ke sa ta a jadawalin shekara, kuma shugaban makarantar da ya rufe kafin ranar zai amsa tambaya. Makarantun kuɗi kuma suna da nasu dalilin: uban da ya biya kuɗin zango cikakke ba ya son ya ji an rage masa mako, sannan a makon ne ake bin bashin ragowar kuɗin makaranta, ana riƙe katin sakamakon wanda bai cika ba. Kowa yana da hujjarsa, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Yaron ne kawai ba a tanadar masa komai ba.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce in aka tara ta. Kowane zango yana da irin wannan mako, uku ke nan a shekara. Daga aji ɗaya na firamare zuwa ƙarshen sakandare shekara 12 ne. Uku sau goma sha biyu, mako 36. Kusan shekarar karatu guda ke nan cur da yaro ke sa kayan makaranta, a ba shi kuɗin tara, ya je ya dawo ba a buɗe littafi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama abin da magidanci ke lissafawa kafin ya kwanta. Mai yara huɗu a makarantu biyu daban, in ya ce su zauna gida makon nan, ba wanda ya isa ya kira shi maƙiyin boko. Haka iyayen da 'ya'yansu ke makarantun kwana. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina a Disambar 2020, uwa da ke Isa ko Sabon Birni ko Rabah ba ta samun barci mai nauyi sai ɗanta ya dawo gabanta. In ana karatu za ta daure. In kuwa zama kawai ake yi ana jiran kati, ina dalilin ƙarin dare biyar?

Batun gona ma gaskiya ne. Damina a ƙasar Sakkwato gajera ce, takan kankama a Yuni ta yi ƙarfi a Agusta, kafin ƙarshen Satumba ta fara ɗaukewa. Gero ba ya jira. Noman fari da maimai duk a Yuli suke haɗuwa, kuma gidan da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago 'ya'yansa ne ƙarfinsa. Maƙwabtanmu na Nijar, nan bayan Illela a Birnin Ƙonni, shekarar karatunsu a Oktoba take farawa ta ƙare wajen ƙarshen Yuni, saboda haka yaransu na gida tun farkon aikin gona. Makarantar allo ma tun tuni ta san da wannan: almajiri ya yi tafiyar karatu da rani, ruwa ya sauka ya koma gona. Jadawalin bokonmu ne ke riƙe yaro har tsakiyar damina, to ya kamata abin da ya riƙe shi dominsa ya kai a bar fartanya a kansa.

Yanzu bari in zo kan abin da na ce muna zubarwa.

A duk tsawon shekara malami gudu yake yi. Manhaja ta ce mako na huɗu a koyar da kaza, mako na biyar a wuce gaba, ko yara sun gane ko ba su gane ba. In ka tambayi aji mai mutum tamanin, "Kun gane?" za su amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam." Mutum goma na gaba su ne ke ɗaga hannu, sauran saba'in ba ka san abin da ke cikin kansu ba. Ranar da ka zauna da takardun jarrabawa, ranar ce kaɗai kowane yaro ya yi maka magana shi kaɗai, da hannunsa, ba wanda ya amsa masa. A makon ƙarshe malami ya san ajinsa sanin da bai taɓa yi ba tun Satumba. Kuma a makon ne kaɗai ba shi da manhajar da ke kora shi. Sani ya samu, lokaci ya samu. Sai mu ɗauki wannan sanin mu mayar da shi lamba ɗaya a kan kati, mu ɗaure takardun da igiya mu jefa saman kabad.

Wata shekara ina makin takardun 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, sai na lura da wata amsa da ke ta maimaituwa. A cikin wata tambaya ana buƙatar a cire 27 daga 52. Yara da yawa sun rubuta 35. Da farko na ɗauka satar amsa ce, sai na ga ba kusa da juna suke zaune ba, har a aji daban-daban ma amsar ɗaya ce. Na ajiye biro na duba da kyau. Ashe abin da suke yi shi ne, in sun zo layin farko suka ga 2 a sama 7 a ƙasa, sai su juya su cire ƙaramin daga babba, su sami 5. Sannan 5 a cire 2, saura 3. Ga 35 ta fito. Ba su san aro ba. Abu ne na aji biyu ko uku na firamare, sun tsallake shi ba wanda ya lura, kuma na shekara ina gina musu lissafi a kan wannan ramin.

Washegari na bar makin na shiga ajin da tsinken tsintsiya ɗauri-ɗauri, goma-goma. Na kira wata yarinya da ke zama can baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba duk shekarar. Na ba ta ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce ta ba ni ashirin da bakwai. Ta miƙo ɗauri biyu, ta tsaya tana kallon tsinke biyun da ke hannunta. Can sai ta ce a hankali, "Malam, sai in na kwance guda." Na ce ta kwance. Ta kwance, ta ƙirga bakwai ta ba ni, ta ƙirga abin da ya rage mata ta ce ashirin da biyar. Sai ta ɗago kai ta dubi allo inda na rubuta 35, ta ce, "Ashe wanga shi na aron." Ajin ya yi tsit, sannan hannuwa suka fara tashi, kowa na son a ba shi tsinke. Minti arba'in muka yi. Da takardun nan sun tafi saman kabad kamar kowace shekara, da yaran nan sun shiga aji biyu da ramin nan, malamin da zai karɓe su kuma ya ɗora nasa ginin a kai.

Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba sabon abu ba ne. Ba a wanke allo sai an biya wa malam, kuma inda ka yi tuntuɓe nan take yake tsayar da kai ya gyara, ba ya bari ka wuce da kuskure zuwa sura ta gaba. Masu hadda sun san in ba tilawa, abin da aka haddace zubewa yake yi. Masu binciken ƙwaƙwalwa ma abin da suka gano ke nan. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kansa a 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a kwanakin farko bayan koyo take faruwa, kuma maimaici na rage ta. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa a Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan dogon hutu, suka ga yara kan dawo sun yi asarar abin da ya kai kamar karatun wata guda, kuma lissafi ya fi shan kashi. Wannan a ƙasar da gidaje da yawa ke da littattafai ke nan. Yaronmu da zai yi mako shida zuwa takwas tsakanin gona, kasuwa da talla, ba takarda ko ɗaya a ɗakinsu in ban da ta Islamiyya, shi ya fi bukatar a ce abu na ƙarshe da ya gani kafin hutu shi ne daidai, ba kuskurensa ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kwana uku bayan jarrabawa yaro na tuna tambayar da ta ba shi wuya, yana son ya san amsarta. A watan Satumba ko tambayar ba zai tuna ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda takardun ke ƙarewa. Na taɓa sayen ƙosai da yamma, aka ƙunsa mini a takardar amsar jarrabawa, ga jan biro ga maki a kusurwa, ga sunan yaro a sama. Na tsaya ina karantawa a ƙarƙashin fitilar mai ƙosai. Malamin ya yi ƙoƙari, har ya ja layi a ƙarƙashin kuskuren ya rubuta daidai a gefe. Mai takardar kuwa bai taɓa ganinta ba.

Mu iyaye ma muna da hannu. Yaro ya shigo da kati, tambayar farko ita ce, "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku a yi murna, in ya ce na hamsin a yi faɗa, shi ke nan an rufe babin. Alhali na uku a ajin da kowa bai iya ba, shi ma bai iya ba ne. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010 sun nuna akasarin yaran ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, abin da ya sa daga baya aka shigo da littattafan Mu Karanta a jihohin biyu. Dukkan yaran nan suna da katin sakamako, kuma a kowane aji akwai na ɗaya. Lambar matsayi tana gaya maka wa ɗanka ya fi, ba ta gaya maka me ya iya. A nan garin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta. Shekarun ana cika su, domin a yawancin makarantun gwamnati da na sani kusan kowa wucewa yake yi aji na gaba. Tunda ba a tsayar da wanda bai iya ba, to aƙalla a gaya wa malamin da zai karɓe shi inda ya tsaya. Wannan ma aikin makon ƙarshe ne, kuma rabin awa ya ishe shi: malamin aji ɗaya ya zauna da na aji biyu da rajista a gabansu, ya ce waɗannan goma sha biyar ba su iya aro ba, waɗannan shida har yanzu sai sun haɗa baƙi, wannan ba ya gani daga baya a dawo da shi gaba. Ban taɓa ganin an sa wannan zama a jadawalin wata makaranta ba.

Akwai kuma abin da malaman makarantun 'yan mata da na karkara suka sani sarai. Dogon hutu shi ne mashigin da ake rasa yara. Yarinya ta gama aji shida na firamare ko aji uku na ƙaramar sakandare, a watan Satumba sai ka ga kujerarta ba kowa. Ka tambaya a ce an sa mata rana, ko an ce karatun ya isa haka. Yaro ya bi mota zuwa kudu ko ya kama sana'a bai dawo ba. Shawarar yawanci a cikin hutu ake yanke ta, amma alamarta tana bayyana tun kafin a rufe, ƙawaye sun sani, wani lokaci ita yarinyar da kanta za ta faɗa in ta sami malamar da ta tambaye ta. Makon ƙarshe shi ne dama ta ƙarshe da makaranta ke da ita ta aika wa uba, ko ta sa shugaban kwamitin iyaye ko liman ya yi masa magana cikin mutunci, a nuna masa takardar 'yarsa a ce dubi abin da take iyawa. Ba kullum ake dacewa ba. Amma in an riga an watse, ko wannan ɗin ma babu.

Shagulgula kuwa ban ɗauke su da zafi kamar yadda wasu ke ɗauka ba. Ranar ba da kyaututtuka, musabaƙa tsakanin azuzuwa, kacici-kacici, wasan ƙwallo, muhawara da Hausa da Turanci, duk suna da wurinsu, kuma yaron da ba ya tashe a lissafi sau da yawa a nan ake gane baiwarsa. Inda abin ya ɓaci shi ne da aka mayar da shi hanyar tatsar iyaye, a ce ɗan nazare ma sai an ɗinka masa rigar yaye ɗalibai an biya kuɗin biki. Haka al'adar nan ta 'yan ajin ƙarshe su fito da fararen riguna ana rubuce-rubuce da maka a jikin juna ana zagaya gari a kan babura, wadda gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta a watan Yulin 2025. Haramcin ya yi daidai a ganina. Sai dai yaro da ya shekara shida a wuri yana bukatar a yi sallama da shi ta mutunci, a tara su a yi musu nasiha da addu'a, a kira sunan kowa. In makaranta ba ta shirya musu wannan ba, su za su shirya nasu.

Wasu na cewa mafita ita ce a sallami yara ranar da aka gama jarrabawa, malamai su zauna su yi makin a natse, a zo a karɓi sakamako daga baya ko a farkon sabon zango. Akwai makarantun da ke yin haka, kuma ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Ya sauƙaƙa wa uba, ya sauƙaƙa wa malami. Illarsa ita ce ya rufe ƙofar gyara gaba ɗaya, kuma ya tabbatar wa yaro cewa jarrabawa ita ce ƙarshen karatu, da an ajiye biro an gama da ilimin shekarar. Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba makon gida biyu. Litinin da Talata yara su zauna gida, a sanar da iyaye a fili cewa ranakun makin ne, mai gona ya tafi da ɗansa gona da izinin makaranta. Laraba da Alhamis kowa ya dawo, kowane malami ya shiga aji da takardun da ya duba, ya miƙa wa kowa tasa a hannu, ya zaɓi tambaya biyu ko uku da aka fi faɗuwa ya warware su a allo, yara su yi gyara a bayan takardar su tafi da ita gida. Juma'a a gayyato iyaye, a ba da kati, a yi addu'a a watse kafin masallaci. Darussan da suka fi yawan takardu, lissafi da Turanci, a sa su a farkon jadawalin jarrabawa don malamansu su sami sarari. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko kwangila. Takarda ɗaya ce daga ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da shugaban makarantar da zai zaga ya tabbatar an shiga aji.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun faɗa mini a ofis. Wani ya ce, "Malam, in ka mayar musu da takardu, gardama za ka jawo, kowa ya zo yana cewa an rage masa maki." Gaskiya ne, ana zuwa. Shekarar farko da na gwada, yara bakwai suka biyo ni, kuma biyu daga cikinsu suna da gaskiya, na yi kuskuren tara maki. Na gyara a gabansu. Wanda ya duba takarda ɗari huɗu cikin kwana uku dole ya yi kuskure, kuma hakkin yaro ne a gyara kafin a rubuta a kati. Sauran biyar ɗin kuma, gardamar da suka yi da ni a kan amsoshinsu ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi da su a kan lissafi.

Mahaifin nan mai fartanya na sake haɗuwa da shi a shekarar da ta biyo baya, a daidai wannan lokaci. Wannan karon ni na riga shi magana. Na ce, "Baba, yau da gobe tafi da shi. Amma don Allah ranar Laraba ka bar mini shi zuwa azahar, akwai takardarsa da nake so mu duba tare." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "In dai akwai abin da za a yi, Malam, ai ba ni hana shi." Ranar Laraba yaron ya zo da ƙasar gona a ƙafarsa, ya zauna a layi na biyu. Tambaya ta huɗu muka fara da ita, ta raba gona tsakanin magada uku, wadda fiye da rabin ajin suka bari ba su taɓa ba.